Don Anacleto Ya Ajiye Ƙaho

A Santa Ana, ranar bikin gari, babu mai buƙatar a gaya masa an fito da mutum-mutumin Kaka Ana daga coci, muddin Don Anacleto Surubí yana tsaye da ƙafafunsa. Da zarar ya kafa ƙahon tagulla a baki, tantabarun kan rufi sai su watse, karnuka su shige ƙarƙashin amalanke, wanda ya makara a gona ya yar da fartanya ya kamo hanya. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, kumatunsa sun saki saboda yawan busa. Sana'arsa matsar rake ce. Shanunsa biyu suna zagaya injin katako, shi kuma yana tsaye a bakin tukunya yana juya ruwan rake har ya zama mazarƙwaila. Amma in baƙo ya tambaye shi aikinsa, cewa yake yi shi mai ƙaho ne a badujalar gari, mazarƙwaila kuwa rufin asiri ce kawai.

Ƙahon nan yana da asali. Da ciwon ƙirji aka haife shi, numfashinsa yana fita da ƙyar kamar na ɗan tsakon da ya faɗa randa. Uwarsa ta ɗauke shi ta kai shi gaban waliyyiya Ana, mai garin, wadda kowa ke kira Kaka don ita ce kakar Yesu, ta durƙusa ta yi alkawari: in yaron nan ya rayu, numfashinsa nata ne, duk shekara ranar bikinta zai yi mata busa har ƙarshen ransa. Yaro ya rayu, ya tashi da huhun da babu irinsa a ƙasar Chiquitos. Tun da ya iya riƙe ƙaho bai taɓa fashin biki ba. Ko shekarar da ya karye a ƙafa, a kan kujera aka ɗauko shi.

In aka roƙe shi ya ɗan sassauta, amsarsa a shirye take.

"Kaka tsohuwa ce, kunnenta ya yi nauyi. Ku masu yi mata raɗa wahalar banza kuke sha."

Da wasa ya fara faɗa, ya yi ta faɗa har ya zo ya yarda da abinsa.

Wanda ya fi kowa shan wuyar wannan magana shi ne Hilarión Poiquí, ƙanin matarsa, kafinta ne dogo siriri, mai goge. Duk shekara shi ke bin bayan Kaka da gogensa idan an zagaya da ita fili, badujala kuma tana gaba. Mutane suna ganin hannunsa yana kai da komo, amma abin da yake gogawa sai Allah.

"Mijin yaya," yakan ce in an mai da Kaka mazauninta, "yau ma na yi mata goge tun daga ƙofar coci har aka dawo."

"Haba dai? Ni na ɗauka ƙuda kake kora."

"Allah ya nuna mini ranar da za ka yi shiru."

"Ranar ai kai za ka ƙera mini akwatin gawa. Sai ka goga mini a kai, in ji ko ka iya."

Mazarƙwailar ce ta ci amanarsa. Mutumin da ya tsufa yana ɗanɗana kowace tukunya don ya ji ko ta nuna, haƙoransa sun daɗe suna yi masa sallama ɗaya bayan ɗaya. Na gaba ne kaɗai suka rage, su ne kuwa madogarar bakin ƙaho. Wata safiya a farkon damina yana ɗaura wa sa karkiya, ƙuda ya ciji san, ya kaɗa kai, ya same shi a baki. Don Anacleto ya tofar da abin da ya rage masa a tafin hannu, ya tsaya yana kallo.

Ya hau mota zuwa San Ignacio aka yi masa haƙoran roba, farare tas, in ya yi murmushi har ya koma saurayi. Bikin aure na farko da aka kira badujala, ya cika ƙirji ya busa, haƙoran suka zame. Ya janye ƙahon don ya gyara su da harshe, suka yi tsalle suka faɗa tulun cica, kunun masarar da ake raba wa baƙi. Aka yi ta dariya har uwar amarya ta zauna a ƙasa. Shi ma ya yi, don bai taɓa ƙin dariya ba ko da kansa ake yi wa. Da ya koma gida ya rufe ƙofa ya gwada ba haƙora, abin da ya fito bai wuce hucin zugazugin maƙeri ba.

Washegari ya kira Zenón, wanda ke busa a bayansa shekara da shekaru, ya miƙa masa ƙahon.

"Abu ɗaya zan gaya maka. Da Fada ya sa albarka a coci, aka harba rokar wasan wuta a ƙofa, kada ka jira kowa, kada ka dubi kowa. Busa har tantabaru su tashi. In ba su tashi ba, ba ka yi komai ba."

Rabuwa da ƙahon bai dame shi kamar alkawarin ba. Bikin Kaka a ƙarshen Yuli yake, lokacin da sanyi ke sauka a ƙasarsu bayan damina, watanni kuma ba sa jira. Ga numfashi cike da ƙirji, ba abin da zai zuba shi a ciki, uwar da ta ɗaura alkawarin kuma ta daɗe a ƙasa, balle a je a roƙe ta ta warware. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin tsoron da babba ke jin kunyar faɗa. Ya daina ba'a, ya daina ƙarasa abincinsa, da rana tsaka sai a same shi kwance a lilon barandarsa yana kallon rufi.

Doña Casilda, matarsa, ba ta iya lallashi ba, amma ta iya nemo mafita. Ta yafa gyale ta nufi wurin Malama Zulema.

Malama Zulema Paticú 'yar garin ce da ta yi karatun kiɗa a Santa Cruz ta dawo. Ita ke koya wa matasa kiɗan da Fadannin dauri suka bari a tsofaffin takardun coci, wanda masana ke kira Barok, mutanen gari kuwa kiɗan Fadanni. Babban goge take kaɗawa, irin wanda ake kafawa tsakanin gwiwoyi, da tsirkiyar hanji kamar ta zamanin da, don ita ba ta yarda a yi kiɗan nan yadda aka ga dama ba, sai yadda masu shi suka yi shi. A bana tana son a yi wa Kaka wani kiɗa na mutum uku a cikin coci. Tana da kanta, tana da Hilarión, na ukun ne ba ta tsayar ba. Ta saurari Doña Casilda har ta gama, ta buɗe akwati ta ɗauko sarewa ta ba ta.

Sarewar katako ce mai baki irin na usur, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Don Anacleto ya juya ta a hannu yana yatsine.

"Wannan ai ta 'yan makaranta ce. Ni da na busa tagulla?"

"Tagullar ta fi ƙarfinka yanzu," in ji Casilda. "Wannan ba ta tambayar haƙori. Uwarka busa ta ce ko ƙaho?"

Ya yi tunani. Busa ta ce.

Ranar da ya fara zuwa ɗakin koyo, a bayan coci, ya tarar da Hilarión zaune yana shafa wa bakan gogensa ƙaro, bakinsa har kunne.

"Sannu da zuwa, ɗalibi. Rana dubu ta ɓarawo..."

"Rufe mini baki. Malama, ina za a fara?"

Malama ta nuna masa inda yatsu ke zama, ta ce ya busa. Ya cika ƙirji kamar yadda ya saba, ya sake mata shi duka. Sarewar ta yi wata irin tsuwa da ta sa kajin Fada suka haura katanga. Hilarión ya ajiye goge ya riƙe ciki.

"Don Anacleto," in ji Malama, tana danne dariya, "ita wannan ba a yi mata tsawa. In ka ƙara mata iska ba ƙarfi take ƙarawa ba, hawa take yi ta bar 'yan'uwanta a ƙasa. Ma'auninta ɗaya ne, kai ne za ka koyi zuba mata daidai."

Ta ba shi aikin gida: ya kunna kyandir, ya hura har wutar ta kwanta gefe, amma kada ta mutu. Ashana nawa aka ƙarar a gidan nan, Casilda ce kaɗai ta sani, kuma ba ta ɓoye wa maƙwabta ba. Sannu a hankali dai wuta ta fara kwanciya tana tashi. Yatsu ba su ba shi wahala ba, kunne kuwa dama yana da shi. Malama ta koya masa yanka sauti da harshe, tu-ru, tu-ru, ɗaya mai nauyi ɗaya sassauƙa, yadda magana take fita daga bakin mutum. Ta koya masa cewa kafin a busa sai an cire kan sarewa an sa a hammata ya ɗumama, in ba haka ba numfashi mai zafi ya haɗu da katako mai sanyi, raɓa ta toshe mata maƙogwaro. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya shiga yawo a gari da hannu ɗaya a matse, in an tambaye shi ko kafaɗa ce ke ciwo sai ya ce, "A'a, kwanci nake yi."

Abin da ya fi burge shi shi ne da Malama ta ce masu kiɗan nan ƙashi kawai suka rubuta a takarda, naman mai busa ne zai sa. Kowane ɓangare sau biyu ake yin sa, na farko a fili yadda yake, na biyu da kwalliyar da mutum ya ƙago da kansa. To, an zo gidansu. Ya dinga lafta kwalliya kamar amaryar da aka bar ta ita kaɗai da madubi, ko'ina karkarwa, ko'ina gudu, har waƙar ta ɓace a ciki.

"Gishiri ne," in ji Malama. "Ba a yin miya da shi kaɗai."

Ya rage, yana gunaguni. Da damina ta ɗauke ya riga ya iya rabonsa tsaf, in shi kaɗai yake busawa har matan da ke wucewa ɗibar ruwa sukan tsaya a bakin taga.

Matsalar ta fito ne da aka haɗa su uku. A irin wannan kiɗa babu mai tsayawa a gaba da sanda, babu mai ƙirga ɗaya biyu uku. Mai goge ne zai ja numfashi, sauran su ja tare da shi, a shiga a tare. Daga nan kuma hira ce: goge ya faɗi magana, sarewa ta amsa masa da irinta, babban goge yana ƙasa yana riƙe da su. Don Anacleto kuwa tun da yake bai taɓa bin kowa ba, shi ake bi. Kafin Hilarión ya gama jan numfashi ya shige. Kafin goge ya kai ƙarshen maganarsa ya katse shi. In aka zo inda takarda ta ce a yi shiru, sai ya cike wurin, wai kada mutane su zaci mantuwa aka yi. Kullum shi ke riga kowa isa ƙarshe, ya sauke sarewa yana jiran su da fuskar wanda ya ci tsere.

Malama ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare.

"Don Anacleto, ka girme ni, amma zan faɗa maka gaskiya. Ka iya busa, ba ka iya zama da mutane a cikin kiɗa ba. Daga yau za ka zo, ka zauna kusa da Don Hilarión, sarewarka a hammata. In ya ja numfashi ka ja, in ya sauke ka sauke. Ba za ka busa ba sai na ce. In abin bai yiwu ba kafin biki, akwai mai goge a San Rafael da za ta karɓi rabonka."

Ya tashi ya fita ko sallama babu. A gida ya yi ta zagaye tsakar gida yana faɗa da iska, wai shi za a zaunar kamar tulu, shi da ya yi busa kafin a haifi uwar yarinyar nan. Casilda tana kirɓa rogo da busasshen nama a turmi, ba ta ɗaga kai ba.

"Ni ma tun da na aure ka ban taɓa kai ƙarshen magana ba," ta ce. "Gara da aka samu mai gaya maka. In ka fasa, kai za ka je ka yi wa Kaka bayani, ba ni ba."

Washegari ya koma, ya ja kujera ya zauna, fuska a murtuke.

Haka ya yi ta zama. Da yake mutum ne mai ido, bai daɗe ba ya gano dabara: kafin Hilarión ya ja numfashi, kafaɗarsa ta dama takan ɗan ɗaga, girarsa kuma ta hau. Ya riƙe wannan. Da Malama ta ce ya busa, ya shiga daidai, ya fita daidai, ya yi shiru inda ake shiru, duk da ido. Gaskiya dai har lokacin ba sauraron gogen yake yi ba, gadin kafaɗa yake yi yana jiran nasa wurin. Malama ta gane, don ba a yi mata wayo a kan wannan, amma ta ga ya isa a fita da shi gaban mutane.

"Ka samu wurinka," ta ce. "Amma ka ji sharaɗina. Ko rufin coci ne ya faɗo, ba za ka ƙara mata iska ba. In ta yi tsuwa sau ɗaya, ka ɓata mana duka."

"Malama, kin tabbata Kaka za ta ji wannan 'yar muryar?"

"A gabanta za mu zauna. In ka miƙa hannu za ka taɓa rigarta."

Ya karɓi wannan, amma zuciyarsa ba ta kwanta duka ba.

Ranar biki ta zo da iskar kudu, mai sanyin da ke sa tsofaffi su fito da barguna a kafaɗa. Coci ya cika har mutane sun yi dafifi a ƙofa, an buɗe ta wangale. An sa wa Kaka sabuwar riga, an kewaye ta da furanni da kyandirori. Don Anacleto ya sa farar rigarsa, ya bar haƙoran roba a gida cikin kofi, ya zauna tun farkon addu'a da kan sarewa a hammata. Fada ya yarda a yi kiɗan bayan ya sa albarka, kafin a ɗauki Kaka a fita da ita. Fada ya sani, Malama ta sani, masu ɗaukar Kaka sun sani. Mai harba roka ne kawai babu wanda ya tuna ya gaya wa, don wa zai tuna da gaya wa mutum abin da yake yi tun yana saurayi?

Fada ya ɗaga hannu ya sa albarka, ya juya ya yi musu alama. Coci ya yi tsit. Don Anacleto ya haɗa sarewarsa, ɗumi a jikinta. Kafaɗar Hilarión ta ɗaga, suka ja numfashi su uku, suka shiga a hankali, lallausan ɓangaren nan da ake fara kiɗan da shi. Goge ya faɗi tasa. Sarewa ta buɗe baki za ta amsa.

Sai roka ta tashi.

Sabo turken wawa. Mai roka ya ji albarka daga bakin ƙofa, ya kai wuta. Zenón kuwa ya riƙe wasiyya da hannu biyu, bai jira kowa ba, bai dubi kowa ba. Ƙaho ya tsage iska, ganga ta biyo, badujala duka ta afka cikin cocin ta buɗaɗɗiyar ƙofa, tantabaru suka tashi har ana jin fukafukansu a kan rufi. Muryar badujala kuma ta fi tasu hawa, don kiɗan Fadanni ƙasa-ƙasa ake ɗaura shi, wanda duk ya bi ta ya ɓace.

Ƙirjin Don Anacleto ya cika da kansa. Duk jikinsa cewa yake yi busa, nuna musu, ga Kaka nan ba ta jin komai. Ya san iskar da ke cikinsa ta isa, ya kuma san abin da za ta fito da shi. Ya saci kallon Malama, ita ma shi take kallo, bakanta bai tsaya ba. Ya dubi Hilarión. Mutumin ko gezau. Idonsa a lumshe, hannunsa yana tafiya a natse kamar a shagonsa yake yana goge katako, don shi wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa.

Ido a lumshe kuwa, girar ba ta motsi. Ga bargo a kafaɗarsa saboda sanyi, kafaɗar ma ba a ganinta. Dabarar Don Anacleto ta mutu nan take, ya rasa inda aka kai. Abu ɗaya ya rage masa. Ya haɗiye rabin iskar, ya karkata da kujerarsa har kunnensa ya kusa taɓa jikin gogen, ya nemi muryarsa a ƙarƙashin hayaniyar.

Ya same ta. Siririya ce, mai ɗumi, ba ta sauri ba ta tsoro. Ta hau a hankali, ta ɗan tsaya kamar mai tambaya, ta bar masa wuri. Ya amsa mata a hankali. Ta sake faɗa, wannan karon da 'yar kwalliya ɗaya tak a ƙarshe, wadda ta yi kyau har ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Ya mayar mata da irinta, bai ƙara ko ɗigo ba. Da aka shiga ɓangaren sauri suka yi ta guje-guje, wannan ya kama wancan ya saki, babban goge yana bin su a ƙasa. Wani daɗi ya kama Don Anacleto irin wanda bai taɓa ji ba a duk shekarunsa na ƙaho, har ya manta da badujala, ya manta da mutane.

Mutanen kuwa kallo kawai suke yi, mutum uku suna motsi babu sauti. Doña Casilda ta tashi, ta ratsa taron da gwiwar hannu, tana isa ƙofa ta dunƙule gyalenta ta cusa a bakin ƙahon Zenón. Ƙaho ya shaƙe, ganga ta yi bugu biyu ta tsaya. Amma kafin mace mai jiki ta ratsa cikakken coci an ɗauki lokaci. Abin da jama'a suka samu shi ne jimlar ƙarshe kawai, goge da sarewa suna saukowa tare, suka zauna a kan sauti ɗaya, ya daɗe yana yawo a tsakanin ginshiƙan katako kafin ya ɓace. Sannan wani ya fashe da dariya a baya, coci duka ya ɗauka, ana tafi ana dariya, Fada ma yana share ido da hannun riga.

Malama ta jingina babban gogenta ta kama hannunsa biyu.

"Ko sau ɗaya ba ta yi tsuwa ba. Haka masu shi suka yi shi, Don Anacleto."

Ya yi murmushi da dasashi, amma da masu ɗaukar Kaka suka matso suka sa kafaɗa, murmushin ya ɗauke. Ya dubi fuskarta, ya dubi sarewar da ke hannunsa. Ya ja hannun rigar Hilarión, muryarsa ƙasa-ƙasa, abin da ba a san shi da shi ba.

"Hila, ba ta ji ba. Ni da nake kusa da kai ma da ƙyar na ji. Na karya alkawari ke nan?"

Hilarión yana gyara bargonsa, zai bi bayan Kaka kamar kullum. Ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Mijin yaya, tun ban fara aske gemu ba nake yi mata goge a ƙarƙashin haukarka. Kana nufin duk shekarun nan ba ta taɓa ji na ba?"

Don Anacleto ya saki hannun rigar. Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba.

"Ta ji ka," ya ce. "Ni ne ban ji ba. Ashe ka iya, ɗan banza."

"Sai yau?"

"Sai yau."

A waje Zenón ya zare gyalen daga ƙahonsa, yana ba Doña Casilda haƙuri, aka sake harba roka. Kaka ta fito cikin iskar kudu, badujala ta ɓarke. Don Anacleto bai nufi gaba inda ya saba tsayawa ba. Ya shiga gefen Hilarión a bayanta, kafaɗa da kafaɗa, ya kai sarewa baki ya karkata kunne, suka ja numfashi tare.